Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Maudu'inmu na wannan mako shi ne rajistar masu zaɓe, kuma ba zan yi kwana-kwana ba: jam'iyyun siyasarmu, mai mulki da mai adawa, ba su damu da tsabtar rajista ba. Sun damu ne da ta yi musu daɗi. Ranar da ta ba su nasara sahihiya ce, ranar da ta kayar da su ta zama ta bogi.

Mu tuna zaɓen ƙananan hukumomin Kano na 10 ga Fabrairu, 2018, wanda hukumar zaɓe ta jiha, KANSIEC, ta gudanar. Hotunan yara ƙanana suna dangwala ƙuri'a suka cika intanet, 'yan adawa suka ce rajistar Kano cike take da 'yan makarantar firamare, masu mulki suka ce sharri ne. INEC ta kafa kwamiti, kwamitin ya wanke rajistarta, ƙura ta lafa, kowa ya koma shagalinsa.

Shekara biyar bayan haka sai ga zaɓen gwamna na 2023. A watan Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'u 165,663 daga na Abba Kabir Yusuf, bisa hujjar cewa babu hatimi ko sa hannun jami'in zaɓe a jikinsu, ta ba Nasiru Yusuf Gawuna kujerar. Ranar 12 ga Janairu, 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da su. Wata huɗu ana muhawara, amma tambaya ɗaya ba ta samu mai amsa ta ba: manomin da ya bar gonarsa ya tsaya a layi, shi ne yake riƙe da hatimin? Sakacin wani ne, shi aka nemi ɗora wa.

Wasu daga cikinmu suna cewa a kwaikwayi Amurka. Can, tun bayan rigimar ƙuri'un Florida ta 2000, dokar 2002 ta tanadi ƙuri'ar wucin gadi: wanda ba a ga sunansa a rajista ba ya jefa tasa, a ajiye ta gefe, a tantance shi daga baya kafin a ƙirga. A takarda abin sha'awa ne. Ni ban yarda da shi a nan ba. Mun taɓa ɗanɗana mai kama da shi a 2015, lokacin da aka yarda a cike fom ga wanda na'urar kad rida ta ƙi karɓar yatsansa. Fom ɗin nan ne ya zama ƙofar da aka riƙa zargin ana cusa ƙuri'u ta cikinta, har INEC ta soke shi daga baya. A ƙasar da ake kai hatimi gaban Kotun Ƙoli, wa zai tsare ambulan ɗin ƙuri'un da aka ajiye gefe? Kowane ɗan takarar da ya faɗi zai ce nasararsa tana cikinsa.

Gyaran yana baya, tun kafin ranar zaɓe. Dokar Zaɓe ta 2022 ta wajabta a kafe sunayen masu rajista a mazaɓu domin jama'a su duba, su gyara kuskure, su ƙalubalanci sunan yaro ko mamaci. INEC ta yi hakan daga 12 zuwa 25 ga Nuwamba, 2022. A zaɓen 2023 Kano tana da mazaɓu 484 da masu rajista sama da miliyan biyar da dubu ɗari tara. Jam'iyyun da suke iya ajiye wakili a kowace rumfa ranar zaɓe, me ya hana su tura mutum ya zauna da mai unguwa su bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya? A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Kunchi da Tsanyawa gida yana jingine da gida, gona da gona. Kowa ya san wanda ya rasu, kowa ya san yaron da bai isa ɗaukar garma ba. Rajistar ƙarya ba za ta kwana a irin wannan wuri ba in da ana son kama ta. Ba a so ne, domin kowane ɓangare yana da nasa yaran a ciki.

Sai kuma lokaci. An rufe rajistar a 31 ga Yuli, 2022, tsakiyar damina, ana maimai. An kafe sunaye a Nuwamba, ana yankan dawa da roron wake. Mutumin birni minti goma ne a adaidaita sahu. Mutumin karkara wuni guda ne da kuɗin acaɓa, wani lokacin ya tarar na'ura ba caji. Na taɓa jin jam'iyyar da ta yi zanga-zanga a kan wannan? Ku faɗa mini sunanta.

A nan aikinmu yake. Mun rubuta labarin soyayyar ɗan sanata sau dubu. Wa zai rubuta labarin amaryar da aka kai daga Bichi zuwa Minjibir, katinta ya tsaya a rumfar gidan ubanta? Ko tsohuwar da sussuka ta cinye mata zanen yatsa? Ku je ofishin INEC na ƙaramar hukumarku ranar rajista, ku zauna a inuwa, ku saurara, ku rubuto abin da kuka gani da sunan gari da kwanan wata.

Mai ganin ƙuri'ar wucin gadi ita ce mafita, fili nasa ne a ƙasa. Amma ya fara gaya mana wa zai riƙe mabuɗin akwatin.