Ra'ayinmu: Zaiba a Cikin Kifi

A shekarar 2008 manyan likitocin tsibiran Faro, a arewacin Turai, suka shawarci jama'arsu su daina cin naman wata babbar dabbar teku mai shayarwa, wadda kakanninsu suka daɗe suna farauta. Dalili shi ne zaiba da ta taru a jikinta.

Zaiba dai halittar Allah ce, akwai ta cikin duwatsu da ƙasa. In ta shiga ruwa, ƙwayoyin halitta sukan mayar da ita dafin da ba ya saurin fita daga jiki. Ƙananan kifaye su ci, manya su cinye su, dafin yana ƙaruwa hawa hawa. Mai ci na ƙarshe shi ne ke kwasar mafi yawa, kuma abin ya fi illa ga ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

Kada wani ya ce mu ba mu da teku. Masu haƙar zinariya a Zamfara suna amfani da zaiba, ga shi kogin Zamfara ya ratso Gummi da yankin Kebbe. Giwan ruwa kuwa kifi yake ci, mu kuma mu ci shi.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018. Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da masanan jami'o'inmu su auna kifin kasuwannin Kebbe, Tambuwal da Jabo, su bayyana wa masunta da mata sakamakon da Hausa. Rigakafi ya fi magani.