Tagullar da ke rawa da hakkin maƙeran da ke raye

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas akwai wani mutum-mutumin tagulla mai suna Anyanwu, wanda Ben Enwonwu ya ƙera tsakanin 1954 da 1955. Siffar mace ce doguwa siririya, ta miƙe sama, hannuwanta a buɗe, jikinta ya ɗan lanƙwashe irin na mai taka rawa. A 1966 Najeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya irinsa kyauta. Enwonwu, ɗan Onica da ya rasu a 1994, ya daɗe yana nazarin motsin masu rawa yana zuba shi a zane da katako da tagulla. Aikinsa hujja ce cewa zubin tagulla sana'a ce mai rai a ƙasar nan, kuma ina ganin kuskure ne mu ƙare da neman kayan da Turawan Ingila suka kwashe daga Benin a 1897, mu bar masu sana'ar na yau babu mai waiwayarsu.

Mai kallo ba ya ganin wahalar da ke cikin aikin. Maƙeri kan gina siffar da yumɓu, ya lulluɓe ta da kakin zuma, ya fitar da kowace gaɓa da kowane lanƙwasa a jikin kakin, sannan ya sake rufewa da yumɓu. Idan aka gasa, kakin ya narke ya fita, sai a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, a fasa yumɓun bayan ta huce. Abin da ya sa tagulla ta dace da rawa shi ne ƙarfinta: tana iya riƙe siffar da ta tsaya da ƙafa ɗaya ko ta miƙa hannu can nesa, inda dutse zai karye. Wannan ilimi ba a littafi yake ba, a hannu yake, kuma maƙeran Titin Igun a Benin daga iyaye suka gaje shi. Idan 'ya'yansu suka bar shi, kayan Benin da Jamus ta fara maido mana a 2022 ba za su koya wa kowa yadda ake sarrafa kaki da wuta ba.

Wani zai ce ai bidiyo ya fi adana rawa. Gaskiya ne bidiyo na kama komai, amma maƙeri zaɓe yake yi: cikin dubban motsi ya tsamo ɗaya, daidai lokacin da nauyin jiki ke barin wata ƙafa zuwa wata, ya tsayar da shi yadda za a zagaya a gani ta kowane ɓangare.

Suka mafi nauyi a wurinmu ita ce ta addini, domin malamai da yawa sun hana ƙera siffar mai rai. Ba na neman kowa ya saɓa wa abin da ya yi imani da shi, ko ya kai mutum-mutumi ɗakinsa. Sai dai Najeriya ƙasa ce mai al'ummomi da yawa, kuma tallafa wa aikin tagulla zai amfani har da maƙeran Bida masu tasoshi da butoci, waɗanda ba ruwansu da siffar mutum.

Ya kamata Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta riƙa sayen ayyukan maƙeran da ke raye, jami'o'i masu sashen zane irin Ahmadu Bello ta Zariya kuma su ɗauko gwanayen zubi su koyar da ɗalibai tun suna da ƙarfin yi.