Zaman Tare: Maigida da Ɗan Ƙwadago

In damina ta kankama, samari da yawa na ƙasar Maraɗi da Damagaram sukan bar gonakinsu su tafi barema wajen masu hali, don rumbu ya ƙare kuma sabon gero bai nuna ba. Wasu kuwa kiwon bisashen mutane suke yi.

Akwai maigida na kirki, akwai kuma azzalumi. Azzalumi yakan zagi ɗan barema gaban yara. Yakan kawo fura a makare. Da marece ya ce aiki bai yi kyau ba, ya rage kuɗi. In akuya ta ɓace, ba bincike, sai ya cire daga ladan makiyayi.

Ɗan ƙwadago yakan yi shiru, don iyali na jiransa. Mutane su ce masa mahaƙurci mawadaci. Gaskiya ne, haƙuri yana riƙe aiki. Amma haƙurin tilas ba ya haifar da amana. Wanda aka zaga da safe yakan ja hauya sama-sama. Bayan kwana kaɗan haki ya sake tasowa, gero ya ƙi girma. Baɗi labari ya gama gari, maigida ya nemi masu aiki ya rasa. Ashe kansa ya cuta.

Doka ba ta ce talaka ya haɗiye zalunci ba. Aikin tilas na zamanin Nasara an soke shi tun 11 ga Afrilu 1946. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ita ma ta hana shi. Gomnati ta ɗaga mafi ƙanƙantar albashin wata daga sefa 30,047 zuwa jika 42.

Maganin rigima tun farko ake yinsa. Kafin a kama hauya, a yanke kuɗi da abinci gaban shaida. Kafin a saki garke, a ƙidaya shi gaban maigari. Wanda ya koyi karatu ya rubuta a takarda. In an hana mutum haƙƙinsa, ya kai kuka wajen maigari. In abin ya gagara, akwai ma'aikatar da ke duba sha'anin ƙwadago a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai.

Maigida na da gona, ɗan ƙwadago na da ƙarfi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.