Gawayin Gona da Buntun Shinkafa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga wani abu da masana kimiyyar ƙasar noma suka daɗe suna bincike a kansa, wato gawayin da ake yi musamman domin a binne shi a gona. Bahaushe ya san gawayi a maƙera, ya san shi wajen mai guga da mai tsire, amma in aka ce masa a zuba shi a kunya, sai ya ɗauka ba'a ake yi. Don sauƙin bayani zan riƙa kiransa gawayin gona.

Asalin zancen daga Barazil ya taso. A kurmin Amazon, inda yawan ruwan sama ya wanke albarkar ƙasa, akwai wasu wurare masu baƙar ƙasa wuluk, waɗanda har yanzu suke ba da amfani mai yawa. Wani masani ɗan ƙasar Holan mai suna Wim Sombroek ya yi bayaninsu a littafinsa na 1966. Da aka bincika sai aka tarar mutanen da suka zauna a wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce ne suka riƙa tara gawayi da ƙasusuwa da fasassun tukwane da sharar gida, har ƙasar ta sake hali. Daga baya an sami irin wannan ƙasa a gefen tsofaffin ƙauyuka a Laberiya da Gana. Wanda ya san yadda manoman karkarar Kano suke ɗibar shara da toka daga birni a kan jakuna zuwa gonakinsu ba zai yi mamaki ba, don kowa ya san dawar da aka shuka a tsohuwar bola ta fi ta tsakiyar gona.

To, mene ne sirrin gawayin? In aka ƙona kara ko ɓawo da ƙarancin iska, a zafin da ya kai digiri 300 zuwa 700, ba ya zama toka. Abin da ya rage baƙin abu ne mai ƙananan ramuka barkatai, kamar soso. Waɗannan ramuka su ne suke riƙe ruwa da sinadaran taki, su kuma zama mafaka ga ƙananan halittun da ke raya ƙasa. Ga mai gona a jigawa, wanda ruwa ke zurare masa a rairayi tun kafin saiwa ta sha, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bugu da ƙari, gawayi yana rage tsamin ƙasa. Sa'annan ba ya ruɓewa da wuri: takin dabbobi yakan ƙare cikin 'yan damina, amma gawayi yana iya yin ɗaruruwan shekaru a binne. Wannan ne ya sa kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai nazarin sauyin yanayi ya ambace shi a rahotonsa na 2018 cikin hanyoyin janye iskar kabon daga sararin sama, tun da kabon ɗin da tsiro ya zuƙa yana zaune a ƙasa maimakon ya tashi cikin hayaƙi.

Sai dai a nan ne nake ganin ya kamata a yi hattara. Da zarar an shelanta cewa gawayi na gyara gona, wasu za su ɗauki gatari su nufi daji. Alhali kuwa masu gawayin girki sun riga sun yi wa ƙirya da marke da sauran itatuwanmu ɓarnar da ta ishe mu. A sare itace a ƙona don a gyara gona, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, domin itacen nan shi ke tare iska, shi ke riƙe ƙasar da ake son gyarawa. Haka nan kara ma ba banza yake ba. Da shi ake danga da zana da rufin ɗaki, da shi mata suke girki, ganyensa kuma abincin dabbobi ne da rani. Duk wanda ya ce wa manomi ya ƙone karansa ya binne, bai san darajar kara a watan bazara ba.

A nawa ra'ayi, inda ya dace a fara shi ne wajen abin da aka rasa yadda za a yi da shi. Wanda ya bi ta Kura ko wasu garuruwan Kebbi inda ake cashe shinkafa ya ga tsibin buntu a bayan injina, wani lokaci yana ci da wuta kwana da kwanaki, hayaƙi na turnuƙe unguwa. Ga kuma totuwar masara da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi. Manoman Japan sun daɗe suna mayar da buntu gawayi, kuma hanyar ba ta fi ƙarfin maƙerin ƙauye ba. Ana samun bututun kwano mai huji-huji a gindinsa, a hura wuta a ciki, a tara buntu a kewaye shi. Wuta takan bi shi a hankali daga ciki zuwa waje, ana juyawa, in ya yi baƙi duka sai a baza shi a yayyafa ruwa kafin ya zama toka.

Akwai kuma wani kuskure da ya kamata malaman gona su gargaɗi mutane a kansa. Gawayi shi kaɗai ba abinci ba ne ga shuka, ma'aji ne kawai. In aka zuba shi sabo, yakan zuƙe ɗan sinadarin da ke cikin ƙasa, shuka ta yi ja a daminar farko, manomi ya yi fushi ya ce an yaudare shi. Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa shi a turken awaki ko a garke, ko a cuɗa shi da takin gida ya yi makonni yana shan fitsari da kashin dabbobi, sa'annan a kai shi gona a zuba a ramin shuka, tun da ba kowa ke da wanda zai ishi gona duka a shekara ɗaya ba.