Sharhi: Bayan Windows 10, ina makomar kwamfutocin ofisoshi da makarantun Najeriya?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, manhajar da ya fitar a 2015, wadda har yanzu ita ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci a ma'aikatu da makarantu da asibitoci da shagunan buga takardu a faɗin Najeriya. Kwamfutocin dai suna nan suna aiki kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne gyare-gyaren tsaro da kamfanin ke aikowa kyauta duk wata domin toshe ƙofofin da 'yan kutse ke bi. Duk ƙofar da aka gano daga yanzu za ta zauna a buɗe a kwamfutar wanda bai ɗauki wani mataki ba.

Ba ƙaramin haɗari ba ne wannan. A watan Mayun 2017, mugunyar manhajar nan ta WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har ta tilasta wa asibitocin gwamnati a Birtaniya soke ganin dubban marasa lafiya. Kwamfutocin da ta kama su ne waɗanda ba a sa musu gyaran tsaron da ya kamata ba. A Najeriya kuma akwai Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa duk hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

Hanyar da Microsoft ya nuna ita ce a koma Windows 11. Sai dai wannan manhaja tana da sharuɗɗa: tana buƙatar wani ɗan guntun na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a hukumance ba ta karɓar akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018. Wanda ya san kasuwannin Computer Village a Ikeja, ko Banex a Abuja, ko Farm Centre a Kano, ya san cewa kwamfutocin tokumbo masu irin waɗannan shekaru su ne ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa ke iya saya. Lafiyarsu ƙalau, amma sabuwar manhajar ta rufe musu ƙofa.

Akwai kuma hanyar sayen ƙarin wa'adi. Ga ma'aikatu da kamfanoni, kuɗin shekarar farko dala 61 ne a kan kowace kwamfuta, kuma yana ninkawa kowace shekara har shekara uku. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, shekarar farko kaɗai ta kama naira 91,500, wato sama da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Jimillar shekaru ukun dala 427 ce, sama da naira 640,000 a kan kwamfuta guda. Masu amfani da ita a gida kuwa, a 2025 an ba su ƙarin shekara ɗaya, zuwa Oktoban 2026. Kuma tun bayan da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a hukumance, duk lasisin manhajar da ake biya da dala ya ninka kusan sau uku a aljihun ɗan Najeriya.

Wannan ne ya dawo da maganar hanya ta uku, wato buɗaɗɗun manhajoji. Kowace manhaja tana da rubutun asali, jerin umarnin da masu ƙirƙira suka rubuta. Kamfanoni irin su Microsoft da Adobe suna ɓoye nasu, su sayar da izinin amfani kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa an bar rubutunta a fili, lasisinta ya ba kowa damar dubawa da gyarawa da kwafa da rabawa. Richard Stallman ne ya fara wannan yunƙuri a Amurka a 1983 da shirin GNU, sannan a 1991 wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. A 2004 attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar da Ubuntu, wani nau'in Linux da aka sauƙaƙa domin mutumin da ba masani ba.

'Yan Najeriya da dama suna amfani da irin waɗannan manhajoji ba tare da sun sani ba. Wayar Android a kan Linux aka gina ta. VLC da ake kallon fim da ita, da Firefox da ake shiga intanet da ita, duk buɗaɗɗu ne. Tun daga ƙarshen 2017, kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya baki ɗayansu Linux suke amfani da ita. Wuri guda da ta kasa mamayewa shi ne teburin ma'aikaci: alƙaluman kamfanin StatCounter sun nuna cewa sai a 2024 ne rabonta a kwamfutocin tebur da na tafi-da-gidanka ya haura kashi 4 cikin 100. Dalilin wannan tazara na cikin labarin wasu hukumomi biyu a Turai.

A 2003 majalisar birnin Munich da ke Jamus ta yanke shawarar sauya kwamfutocinta zuwa Linux, duk da cewa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya je da kansa ya gana da magajin garin, Christian Ude. An shafe shekara goma ana aikin, kuma zuwa ƙarshen 2013 kwamfutoci kusan 15,000 sun koma sabon tsarin da aka sa wa suna LiMux. A 2014 aka yi sabon magajin gari. Ma'aikata sun riƙa ƙorafin cewa takardun da ake aiko musu daga wasu hukumomi ba sa buɗewa daidai, kuma wasu manhajoji na musamman a kan Windows kaɗai suke aiki. A 2017 majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Bayan zaɓen 2020, sabon ƙawancen jam'iyyun da ya karɓi birnin ya sake cewa zai fifita buɗaɗɗun manhajoji. Kowane juyi kuɗi ya ci, kuma ma'aikaci ne ya riƙa koyon aiki daga farko.

Rundunar jandarmomin Faransa ta bi wata hanya dabam. A 2005 ta sauya manhajar rubutu da lissafi kawai, ta ɗauki OpenOffice, ta bar Windows a inda take. A 2006 ta sauya manhajar shiga intanet da ta imel zuwa Firefox da Thunderbird. Sai a 2008 ta fara cire Windows ɗin kanta tana sa nata nau'in Ubuntu. Kafin a kai wannan mataki, jami'an sun riga sun saba da kayan aikin da za su tarar a sabon tsarin, don haka sauyin bai girgiza su ba. Zuwa 2024 kwamfutocin rundunar sama da 100,000 ne ke kan wannan tsari. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Bahaushe.

Jihar Schleswig-Holstein a arewacin Jamus ta ɗauki wannan darasi. A watan Afrilun 2024 ta sanar da sauya kwamfutocin ma'aikata kimanin 30,000, ta fara da LibreOffice, manhajar ofis da ta samo asali daga OpenOffice a 2010, sannan imel, ta bar Linux zuwa ƙarshe. Ko a hakan sauyin imel bai tafi sumul ba, domin ma'aikata sun koka da tangarɗa a makonnin farko. Ma'aikatar harkokin zamani ta Denmark ita ma ta sanar da fara komawa LibreOffice a tsakiyar 2025. Hujjar da waɗannan gwamnatoci ke bayarwa ta wuce ta kuɗi: suna son iko da kayan aikinsu da bayanansu. A 2019 kamfanin Adobe ya sanar da rufe asusun masu hulɗa da shi a Venezuela saboda takunkumin Amurka, kafin daga baya ya samu izinin ci gaba. A watan Maris na 2022 Microsoft ya dakatar da sayar da kayansa a Rasha. Kayan aro, kamar yadda aka sani, ba ya rufe katara.

Najeriya ma ta taɓa gwadawa. A 2007 an ƙulla cinikin kawo wa makarantu ƙananan kwamfutoci 17,000 ƙirar Classmate ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Maganar ta zama abin cece-kuce a duniya bayan shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa an shirya goge manhajarsu a sa Windows. A shekarar ce kuma aka gwada shirin kowane yaro da kwamfutarsa a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, shi ma da Linux. Babu ɗaya daga cikin biyun da ya zama tsarin ƙasa mai ɗorewa. Afirka ta Kudu ta amince da manufar fifita buɗaɗɗun manhajoji a hukumomin gwamnati a wannan shekara, amma aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa. Sabanin haka, jihar Kerala ta Indiya ta mayar da makarantun gwamnati kan buɗaɗɗun manhajoji tun a shekarun 2000 kuma ta ɗore, saboda ta haɗa sauyin da horar da malamai da sake rubuta littattafan darasi, ta kuma kafa hukuma ta musamman da ke kula da aikin.

Akwai cikas na gaske a gida da ya kamata a faɗa. Na farko shi ne satar fasaha. A shagunan gyaran kwamfuta da yawa, kuɗi kaɗan ake bayarwa a ɗora wa mutum Windows da Office na bogi, don haka kalmar kyauta ba ta burge shi, domin a ganinsa abin da yake da shi ma kusan kyauta ne. Abin da bai lissafa ba shi ne irin waɗannan kwafi sukan zo da mugayen manhajoji a ɓoye. Na biyu, wasu sana'o'i sun ginu a kan manhajojin da ba su da nau'in Linux. Maɗaba'un Shomolu da na Kaduna da Kano da CorelDRAW suke aiki, injiniyoyi da masu zanen gine-gine da AutoCAD. Akwai madadi irin su Inkscape da GIMP, amma mai maɗaba'ar da abokan cinikinsa ke kawo masa aiki a tsarin CorelDRAW ba zai sauya shi kaɗai ba. Na uku shi ne masu gyara. Idan firinta ta ƙi aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma, wanda za a kira Windows ya sani, kuma abin da zai fara yi shi ne ya goge abin da bai gane ba. Na huɗu, makarantun koyon kwamfuta sunayen kaya suke koyarwa, Word da Excel, maimakon ilimin tsara takarda da lissafi wanda ke aiki a kowace manhaja.

Idan aka haɗa waɗannan darussa, abin da ya fi dacewa Najeriya ta fara da shi shi ne tsarin adana takardu. Tun 2006 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta amince da ODF a matsayin buɗaɗɗen tsarin takardun ofis, kuma gwamnatin Birtaniya ta ɗauke shi a 2014 domin musayar takardun da ake gyarawa. Microsoft Office ma tana buɗe shi. Idan Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta wajabta wa ma'aikatu karɓa da aika takardu a wannan tsari, matsalar da ta dami Munich za ta ragu tun kafin a taɓa kwamfuta ko ɗaya, kuma ba za a tilasta wa ɗan ƙasa sayen lasisi kafin ya cike fom ɗin gwamnati ba.

Mataki na biyu shi ne a ɗora LibreOffice a kan Windows ɗin da ake da ita, a ba ma'aikata lokaci su saba. Na uku, a fara Linux a wuraren da aikin bai wuce rubutu da shiga intanet ba: ɗakunan kwamfuta na makarantu, ɗakunan karatu, da wuraren da ɗalibai ke atisayen jarrabawar JAMB, wadda ake yi da kwamfuta zalla tun 2015. Nau'o'i marasa nauyi irin su Linux Mint da Lubuntu suna tafiya lafiya a kwamfutar da ta haura shekara goma, kuma suna samun gyaran tsaro kyauta. Sassan da aikinsu ya dogara da manhaja ta musamman sai a bar su a kan Windows 11 mai lasisi na gaskiya.

Sannan kuɗin da aka rage daga lasisi bai kamata ya ɓace cikin kasafi ba. Horo da gyara su ne ainihin tsadar buɗaɗɗiyar manhaja, sai dai wannan tsada da naira ake biyanta, kuma aljihun 'yan ƙasa take shiga. Shirin gwamnatin tarayya na horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, wanda Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, zai iya yaye masu gyaran da ake buƙata a kowace ƙaramar hukuma. Hakan ya yi daidai da Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 003 na 2017, wanda ya ce hukumomi su fifita kaya da ayyukan cikin gida wajen sayayya.

Masu magana da harsunan gida suna da ƙarin riba. Manhajar da aka buɗe rubutunta, sashen nazarin harsunan Najeriya na kowace jami'a zai iya fassara ta zuwa Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Fulfulde, ya haɗa mata ƙamus mai gyara rubutu wanda ya san bambancin ƙ da k, da ɗ da d, da ɓ da b, ba tare da neman izinin kowa ba.

Wa'adin Windows 10 na ma'aikatun da suka biya ba zai wuce 2028 ba. Kafin lokacin, kowace ma'aikata da makaranta na buƙatar ta ƙirga kwamfutocinta, ta san nawa ne za su ɗauki Windows 11, nawa ne ba za su ɗauka ba, da kuma irin aikin da ake yi da kowace. Da wannan lissafi a hannu ne za a san waɗanda za a saya wa lasisi da waɗanda za a sauya wa manhaja, maimakon a tara kwamfutoci masu lafiya a ɗakin ajiya a sake neman kuɗin sababbi.