Kada Mu Ɓata Faifanmu Da Sunan Gyara

Kwanan baya wani malamin sakandare daga wajen Kurfi ya kawo mini wani bidiyo da ya ɗauka shekaru da suka wuce. Ya sa karfasa daga madatsar ruwan Zobe a cikin kwalba, domin ɗalibai su ƙirga sau nawa take buɗe baki a minti ɗaya. A kan tsohon faifan, ƙirgen ya kama 60. Bayan da wani mai shago ya juye masa shi zuwa waya, sai ya koma 72. Kifin dai bai canja ba, juyin ne ya yi masa ƙarya.

Ga yadda abin yake. Bidiyo jerin hotuna ne marasa motsi, ana nuna su da sauri har ƙwaƙwalwa ta ɗauke su motsi guda. Tsarin PAL da Nijeriya ta bi yana nuna hoto 25 a sakan ɗaya, na Amurka kusan 30, silima kuwa 24. Mai shagon ya sa aka gudanar da hotunan 25 da saurin 30, wato ya ƙara musu sauri da kashi 20 cikin ɗari. Shi ya sa 60 ta zama 72. A wasan kwaikwayo wannan ɗan aibi ne, amma a darasin kimiyya awon gaba ɗaya ya lalace.

Matsala ta biyu ita ce matsewa. Duk lokacin da aka sake matse bidiyo don ya yi ƙanƙanta, ana zubar da wani ɓangare nasa, kuma ba ya dawowa. Faifan VCD ɗigo 352 ne a faɗi da 288 a tsaye, na DVD kuwa 720 da 576. Wanda ya tura su ta WhatsApp ya kuma matse abin da tun asali matsattse ne.

Ra'ayina shi ne kowace makaranta, daga Karofi har Dutsin-Ma, ta bi ƙa'ida uku. Na farko, a kwafe fayilolin faifan zuwa kwamfuta yadda suke, ba tare da an juya su ba, a ajiye su a wuri biyu. Na biyu, duk yanka da gyara a yi su a kan kwafi. Na uku, idan dole ne a juya, a bar saurin a 25.

Wasu za su ce wannan na cin wuri. Ai DVD ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, ma'ajiyar terabait ɗaya kuwa za ta ɗauki kusan 200. Kuɗinta bai kai darajar abin da ke ciki ba.

Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa sun bi ta kaset, suka koma faifai, kuma zafi da ƙarzuna suna cin faifai. Haka ma hawan salla da bikin yaye ɗalibai da wa'azin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya. Bahaushe ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Malamai da ɗalibai, a duba akwatunan makaranta tun faifan suna karantuwa.