Haddar Kalmomin Murna Ba Ta Koya Wa Yaro Turanci

Idan jarrabawar WAEC ta ƙarato, akwai darasin da ba a cika rasawa ba a azuzuwan sakandarenmu: malami ya cika allo da kalmomin Turanci masu nuna farin ciki, yara su kwafe, su haddace, ranar jarrabawa su juye su cikin insha'i. Malamin yana da hujjarsa, domin cikin maki 50 na insha'i, 20 na iya sarrafa harshe ne, kuma babu gurbin jami'a sai da kiredit a Turanci. Duk da haka ina ganin wannan hanya tana cutar yaran da ake son taimaka wa.

Mashahurin littafin irin wannan jeri shi ne na Peter Mark Roget, likita ɗan Ingila, wanda ya fito a 1852. Tun 1805 ya fara tara kalmomin don amfanin kansa, wato don mutumin da ya riga ya san kalma, ta kwanta masa, yana neman a tuna masa. Mai koyo kuwa daban ne, domin bai san bambancin da ke tsakanin kalmomin ba. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwararo cikin Turanci sun zauna tare da tsofaffin kalmominsa, kowacce da nauyinta da muhallinta. "Content" na wanda hankalinsa ya kwanta ne, "ecstatic" na wanda murna ta kusa fitar da shi daga hayyacinsa. Allo yana jera su kamar hatsin kwano ɗaya, sai yaro ya ɗauki mafi tsawo ya liƙa wa sabon takalmin da aka saya masa. Mai duba takarda yana gani ya san hadda ce.

Abin da ya fi damuna shi ne jerin yana kawar da idon yaro daga abin da ya faranta masa rai. Ka ce ya rubuta ranar Sallah, sai ya maimaita cewa ya yi murna da kalmomi biyar, alhali abin da zai motsa mai karatu yana gabansa: ƙanwarsa da ta ƙi cin tuwo da hannu don kada lallenta ya ɓaci, tana ta jujjuya tafinta a rana tana kallo. Wannan ba ya buƙatar kalma mai wuya ko ɗaya.

Za a ce ajin da ke da yara fiye da ɗari, babu ɗakin karatu, ina malami zai samo abin da ya fi allo sauƙi? Kuma yaron da ba shi da kalmomi da me zai yi bayani? Gaskiya ne, kuma ba laifin malami ba ne. Sai dai a kan allon nan, da allin nan, zai iya rubuta kalmomi uku maimakon talatin, kowacce cikin jimlar da ke nuna wa ya ji, me ya faru. Zai iya yanko sakin layi daga tsohuwar jarida ko littafin adabin da ke manhaja, su nemo kalmar a inda marubuci ya ajiye ta. Sannan kowa ya rubuta layi biyar kan ruwan farko na damina, da sharaɗin kada ya ambaci murna ko sau ɗaya. Darasi ɗaya na minti 40 ya isa wannan aiki.